Inbois ko rasit: wanne za ka yanka wa kwastoma a manhajar lissafi?

Wasu masu shaguna a Zariya sun ajiye littafin bashi sun koma manhajar lissafi irin su QuickBooks da Zoho Books. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen shigar da ciniki, domin takarda iri biyu manhajar ke miƙo maka.

Me ya raba su?

Abu ɗaya ne: kuɗi ya shigo hannunka ko bai shigo ba. Rasit shaida ce cewa an saya an biya nan take. Inbois kuwa takardar neman biya ce: kaya sun fita, kuɗi na tafe. Da zarar ka yanka shi, manhajar za ta rubuta sunan mutumin cikin waɗanda kake bi bashi, ta sa ranar da ya kamata ya biya.

Ni a Samaru nake buga wa ɗalibai takardu. Wanne ya dace da ni?

Rasit. Ɗalibi ya kawo furojet, ka buga, ka ɗaure, ya biya da POS ya kama gabansa. Ba sai ka buɗe wa kowa shafi ba ma. Da yamma kana iya haɗa cinikin ranar a rasit guda. Amma idan wata makaranta ce ta ba ka aikin takardun jarrabawa, aka ce sai ƙarshen wata, wannan na inbois ne.

To idan wanda na yanka wa inbois ya kawo kuɗin fa?

Nan ne gizo ke saƙa. A ce ɗan kwangila ya ɗauki siminti na naira 400,000 a shagonka na Sabon Gari, ka yanka inbois. Bayan mako biyu ya aiko da kuɗin, yaron shago ya yi sauri ya yanka sabon rasit. Yanzu manhajar na ganin ka yi cinikin 800,000, ta rage siminti sau biyu daga lissafin sito, kuma har yanzu tana cewa kana bin ɗan kwangilar 400,000. Ranar da ka kira shi kan bashin da ya riga ya biya, ka san za a ji kunya. Abin yi shi ne ka buɗe inbois ɗin nan, ka shigar da biyan a kansa, sai ya rufe. Idan kana karɓar harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a 2020, shi ma ninkuwa zai yi a lissafinka.

Wanda ya ba da rabi fa?

Inbois na cikakken kuɗin, sannan ka shigar da abin da ya bayar. Manhajar za ta nuna saura. Rasit bai san "zan ciko" ba.

Kwastoma ya ce ya yi tiransifa amma ban ga alat ba.

Hoton da ya nuna maka a wayarsa ba kuɗi ba ne, balle yanzu da alat na bogi ya yi yawa. Duba asusunka da kanka. In babu, kuma ka amince ya tafi da kayan, yanka inbois, ka rufe shi lokacin da kuɗin ya sauka.