Waiwaye: annobar da ta cinye jatan landen kogunan Turai

Ba busasshen jatan landen nan da ake awo a kasuwa, a daka a zuba a miya ake nufi ba. Wancan daga bakin teku ake kawo shi. Wannan na ruwan daɗi ne, yana da hannayen damƙa biyu irin na ƙaguwa, babba a cikinsu kan kai tsawon tafin hannu. Da rana yana lafe a ƙarƙashin dutse, sai dare ya yi yake fitowa kiwo. Kogunanmu ba su san shi ba. A duk Afirka, tsibirin Madagaska ne kaɗai ke da nasa na asali. A Turai kuwa abinci ne na alfarma, har mutanen Suwidin suna da bikin cinsa duk watan Agusta.

Wajen shekarar 1860 aka fara ganin gawarwakinsa birjik a yankin kogin Po da ke arewacin Italiya. Daga nan mutuwar ta yi ta bin ruwa, ta shiga Faransa da Jamus, ta isa Finlan a 1893. An daɗe ana lalube kafin a gane mai laifin: wata ƙwayar cuta ce mai kama da fumfuna, ana kiranta Aphanomyces astaci, asalinta daga Arewacin Amurka. 'Ya'yanta na iyo cikin ruwa, su manne a ɓawon dabbar, su huda su shige. Jatan landen Amurka ya saba da ita tun kaka da kakanni, jikinsa kan killace ta a cikin wani baƙin tabo, ya ci gaba da harkarsa yana ɗauke da ita. Na Turai bai taɓa gamuwa da ita ba, cikin 'yan makonni sai kogi guda ya zama fayau. Ba ma sai dabba ta haɗu da dabba ba. Jiƙaƙƙiyar koma, ko takalmin roba da bai bushe ba, ya isa ya kai cutar wani ruwan.

Yadda ta shiga Suwidin a 1907 abin takaici ne. An kawo kaya daga Finlan zuwa kasuwar Stockholm, aka ga wasu sun lalace, sai aka juye su a tafkin Mälaren. Shekara na zagayowa annobar ta kai tafkin Hjälmaren, wanda ya fi ko'ina albarkar jatan lande a ƙasar.

Maganin da aka nemo kuma ya zama gudun gara faɗa wa zago. Tun 1890 wani mai kiwon kifi a Jamus, Max von dem Borne, ya shigo da wani nau'in Amurka don cike gurbin waɗanda suka mutu. Suwidin ta bi sahu a 1960 da wani nau'in daga yammacin Amurka, mai farin tabo a gaɓar hannunsa. Lissafin da aka yi shi ne, tunda cutar ba ta kashe shi, sai ya maye gurbin na gida. Abin da ba a auna ba shi ne duk inda ya je da cutar yake tafe, ga shi ya fi na gida girma, faɗa da yawan haihuwa. Birtaniya, wadda teku ya kare ta sama da shekara ɗari, ta shigo da shi a 1976 don kiwo, ya tsere daga tafkunan kiwon, a farkon shekarun 1980 annoba ta ɓarke. A 2010 IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ta sa nau'in Birtaniya na asali, mai farin hannu, a jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa. Suwidin ta rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwayen da nata na asali yake ciki.

Da fari masu aikin ceto kawuna kawai suke ƙirgawa: a kamo daga inda ya rage, a zuba inda ya ƙare. Binciken ƙwayoyin gado ne ya nuna musu akwai gyara. Manomi zai fi kowa saurin gane wannan. Wanda ya ajiye irin gero kala ɗaya tak, ranar da ciwon da ke kama wannan irin ya zo, rumbu ya tashi a banza. Mai iri uku ko huɗu, ko yaya wani zai tsira. Da aka auna jatan landen Turai, sai aka tarar mafi yawan bambancin jininsa yana kudu maso gabas, a yankin Balkan, inda ya fake lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin nahiyar dubban shekaru da suka wuce. Na arewa zuriyar 'yan kaɗan ne da suka hauro daga baya, jininsu kusan ɗaya. A 2019 ma an tabbatar cewa wasu da ke duwatsun Apuseni a Romaniya nau'i ne mai zaman kansa. Da an zuba musu baƙi da sunan taimako, da wataƙila sun ɓace ba a san da su ba.

Amfanin bambancin ya fito fili a kogin Muga na Sifaniya, inda aka samu wasu 'yan gida da ke jure wa wani nau'in cutar. A Turkiyya ma, bayan annobar tsakiyar shekarun 1980, akwai tafkunan da wasu suka rayu da ita a jikinsu.

Binciken ya kuma tono abin da ba a so ji ba. Na Ailan ya fi kama da na yammacin Faransa, alamar mutane ne suka kai shi. A Sifaniya har yau ana ja-in-ja: wasu masana sun kafa hujja da takardun fada da ke nuna an aiko wa Sarki Filib na Biyu da jatan lande daga Italiya a 1588, wasu suka ce jinin dabbar ya nuna ta girmi wannan zamani nesa ba kusa ba. A ganina wannan gardama ba ta rage wa dabbar komai; wanda ya shekara ɗari huɗu a gari ai ya wuce a kira shi baƙo.

Aikin da ake yi yanzu ba shi da wani armashi. A Birtaniya ana neman keɓaɓɓen tafki ko tsohon ramin haƙar dutse da ba ya haɗe da kogi, a kwashe waɗanda suka rage daga kogin da ke kusa a kai su can, ana kuma roƙon masu kamun kifi su duba kayansu, su wanke, su shanya. Tarayyar Turai ta haramta kiwo da cinikin nau'o'in Amurka da dama a 2016.

A cikin waɗanda aka haramta akwai wani mai roɗi-roɗi da ya ɓulla a hannun masu kiwon kifin ado a Jamus a tsakiyar shekarun 1990. Dukkansu mata ne, suna haihuwa ba tare da namiji ba, kowace 'ya kwafin uwarta ce. Babu bambancin jini ko na anini, amma kuma yaɗuwa yake kamar wutar daji, yana iya ɗaukar annobar kuma. Wajen 2005 aka fara ganinsa a Madagaska. Yau ya cika fadamun shinkafa da ke kewaye da Antananarivo, babban birnin ƙasar, ana sayar da shi da araha a kasuwa, yana kuma matsawa zuwa kogunan da nau'o'i bakwai na asalin tsibirin suke zaune.