Gobarar Benen Grenfell da Martanin Jama'a

Gobarar Grenfell gobara ce da ta tashi a daren 14 ga Yuni, 2017, a wani bene mai hawa 24 da ke unguwar Kensington ta Arewa, a yammacin birnin Landan. Mutum 72 ne suka rasu, 18 daga cikinsu yara. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba a yi gobarar gidan zama da ta ci rayuka haka a Birtaniya ba. Abin da ya sa ta zama babban al'amari a siyasar ƙasar bai tsaya ga yawan mamatan ba. Mazauna benen sun daɗe suna kai kuka kan haɗarin gobara ba a saurare su ba, kuma daga baya bincike ya tabbatar da cewa da an yi abin da ya kamata, da ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Benen da mazaunansa

An kammala gina Grenfell a 1974, a cikin rukunin gidajen Lancaster West. Mallakar ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ne, amma wata hukuma dabam da aka fi sani da KCTMO ce take kula da shi a madadinta. Gidaje 129 ne a ciki, akasarinsu na haya mai rahusa, irin waɗanda hukuma take ba masu ƙaramin ƙarfi. Mazaunan sun fito daga sassa da yawa na duniya: akwai Turawan Ingila, akwai masu asali daga Maroko, Habasha, Eritiriya, Sudan, Iran, Siriya, Gambiya da sauransu. Matakala ɗaya ce tak a tsakiyar ginin, kuma babu na'urar yayyafa ruwa idan wuta ta kama.

Wurin da benen yake ya ƙara wa lamarin zafi. Kensington da Chelsea na cikin yankunan da suka fi ko'ina dukiya a Birtaniya. Tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga Grenfell, sai ga gidajen miliyoyin fam, wasu ma a kulle ba kowa ciki. Wannan bambanci na mai da marar shi ya yi ta fitowa a bakin mutane bayan gobarar.

Tsakanin 2015 da 2016 aka yi wa benen kwaskwarima. Aka canza tagogi, aka manna wa bangon waje soson tare sanyi, sannan aka lulluɓe shi da fale-falen alminiyam. Kowane falle siraran alminiyam biyu ne da roba a tsakani, robar kuma nau'in da ke narkewa ta ɗiga tana ci da wuta. Da farko fale-falen tutiya aka tsara sawa, sai aka sauya zuwa waɗannan, aka rage kusan fam dubu 293 daga kuɗin aikin. A watan Nuwamban 2016, ƙungiyar mazauna mai suna Grenfell Action Group ta wallafa gargaɗi cewa ga dukkan alamu sai wani babban bala'i ya auku kafin asirin sakacin masu kula da benen ya tonu. Wata bakwai bayan haka wutar ta tashi.

Daren gobarar

Wutar ta fara ne daga wani firji a kicin ɗin gida mai lamba 16, a hawa na huɗu. An kira 'yan kwana-kwana da ƙarfe 12:54 na dare, suka iso cikin 'yan mintoci, suka kuma kashe wutar kicin ɗin. Amma kafin nan ta riga ta fita ta taga ta kama lulluɓin bangon. Cikin ƙasa da rabin sa'a ta kai ƙololuwar benen, daga nan ta zagaye shi.

Dokar da ke aiki a irin waɗannan benaye ita ce kowa ya zauna a ɗakinsa idan ba a nan wutar take ba. Hikimar ita ce an gina kowane gida kamar akwatin kankare da zai riƙe wuta har a zo a kashe ta. Lulluɓin bangon ya rushe wannan lissafi, domin wutar ta bi ta waje tana shiga ta tagogi hawa bayan hawa. Ƙofofin da ya kamata su tare hayaƙi ma da yawa ba sa rufe kansu. Duk da haka ba a janye umarnin zama a ɗaki ba sai ƙarfe 2:47, lokacin da matakala ta riga ta cika da baƙin hayaƙi. Mutane da dama sun haura saman benen maimakon sauka, a can kuma aka samu gawarwaki mafi yawa.

Watan azumi ne, saboda haka Musulmi da yawa a benen da kewayensa ba su kwanta ba, wasu na jiran sahur, wasu sun dawo daga masallaci. Shaidu sun ba da labarin yadda suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta suna tada su. Fiye da mutum 200 suka tsira.

Kwanakin farko

Kafin gari ya waye, mutanen unguwa sun riga hukuma. Masallacin Al-Manaar, cocin St Clement's, cocin Methodist na Notting Hill da wasu cibiyoyin matasa suka buɗe ƙofofinsu. Abinci, ruwa, barguna da tufafi suka yi ta zuwa daga ko'ina a Landan, har aka roƙi jama'a su dakata saboda babu wurin ajiya. A jikin katanga da rumfunan tsayawar bas aka manna hotunan waɗanda ba a gani ba, da lambobin waya a ƙasa. Dangi suka yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan, domin babu wata takarda guda da ke nuna wanda ya fita da wanda bai fita ba.

A wannan hali aka nemi ƙaramar hukuma aka rasa. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ga jami'in da zai gaya musu inda za su kwana ko inda za su nemi labarin nasu ba. Firaminista Theresa May ta je wurin ranar 15 ga Yuni, ta gana da shugabannin 'yan kwana-kwana, amma ba ta gana da mazauna ba. Wannan ya jawo mata suka mai tsanani, musamman da washegari Sarauniya Elizabeth da jikanta Yarima William suka je cibiyar wasanni ta Westway suka tsaya da mutanen. A ranar ce kuma masu zanga-zanga suka kutsa cikin ofishin ƙaramar hukumar suna neman a yi musu adalci. Ranar 21 ga Yuni May ta nemi gafara a majalisa, ta amsa cewa gwamnati ta gaza a matakin ƙasa da na ƙaramar hukuma. Kafin watan ya ƙare, babban jami'in gudanarwar ƙaramar hukumar, Nicholas Holgate, da shugabanta, Nicholas Paget-Brown, duk sun ajiye aiki.

Rashin yarda ya kai ga mutane da yawa sun ɗauka ana ɓoye yawan mamatan. 'Yan sanda ba sa faɗin adadi sai sun tabbatar, aikin tantance gawa kuma ya ɗauki watanni saboda tsananin ƙuna, sai jita-jita ta cike gurbin. An kuma samu 'yan damfara da suka yi ƙaryar cewa a benen suke zaune don su ci kuɗin tallafi, aka ɗaure wasunsu.

Tattakin shiru da koren zuciya

Bayan hayaniyar makon farko, martanin da ya fi daɗewa shi ne wanda ba a ɗaga murya a cikinsa. Ranar 14 ga kowane wata mutanen unguwa suka riƙa taruwa da yamma su yi tattaki ba mai cewa uffan, sanye da koren gyale ko riƙe da hoton zuciya koriya. Sau da yawa 'yan kwana-kwana sukan jeru a gefen hanya, masu tattaki su bi suna gaisawa da su hannu da hannu. Kore ya zama launin Grenfell, har aka rataya babban ƙyalle mai koren zuciya a saman benen bayan an lulluɓe shi da farar leda.

Waɗanda suka tsira da iyalan mamata suka kafa ƙungiyar Grenfell United, wadda ta zama bakinsu a gaban gwamnati. Ita da magoya bayanta suka matsa a ƙara wa alƙalin da gwamnati ta naɗa ya binciki gobarar mataimaka masu sanin rayuwar gidajen hukuma. Takardar koke kan haka ta samu sa hannun fiye da mutum dubu 150, bayan mawaƙi Stormzy ya fito ya goyi bayanta, shi da ya ƙalubalanci Theresa May kan Grenfell a bikin ba mawaƙa lambobin yabo na Brit na 2018. Gwamnati, wadda ta ƙi da farko, ta amince a watan Mayun shekarar.

Ba duka martanin ne na tausayi ba. A Nuwamban 2018 wani bidiyo ya bazu na wasu mutane suna ƙona kwalin da aka yi siffar benen suna dariya, abin da ya jawo Allah wadai daga kowane ɓangare. Shekara guda bayan haka minista Jacob Rees-Mogg ya nemi afuwa bayan ya yi maganar da aka fahimta a matsayin cewa hankali ne ya kamata ya sa mutanen su fita, alhali hukuma ce ta ce su zauna.

Kwamitin bincike

Tsohon alƙali Sir Martin Moore-Bick ne ya jagoranci binciken, wanda aka buɗe a Satumban 2017. Rahoton farko, na 30 ga Oktoba, 2019, ya duba daren kansa. Ya tabbatar da cewa fale-falen alminiyam ne babban dalilin bazuwar wutar, ya yaba wa jarumtar ɗaiɗaikun 'yan kwana-kwana, amma ya soki hukumarsu kan rashin shiri da jinkirin ba da umarnin ficewa. Shugabar hukumar, Dany Cotton, ta bar aiki a ƙarshen shekarar. Wasu sun ga rashin dacewar a fara da waɗanda suka shiga wuta kafin waɗanda suka ɗaura wa benen makamashi, kuma ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya.

Rahoto na biyu ya fito ranar 4 ga Satumba, 2024, da shawarwari 58. A nan ne aka bi sawun kowa. Ya samu kamfanonin Arconic, mai fale-falen, da Celotex da Kingspan, masu soson bango, da rashin gaskiya da aka tsara da gangan wajen gwajin kayansu da tallata su. Ya soki kamfanin zane Studio E da ɗan kwangila Rydon, waɗanda suka yi aikin kwaskwarimar, ya soki ƙaramar hukuma da KCTMO kan halin ko-in-kula da lafiyar mazauna, musamman naƙasassu da tsofaffi. Gwamnatocin da suka gabata ma ba su tsira ba. An yi gobarar lulluɓin bango a benen Knowsley Heights a 1991 da benen Garnock Court a 1999, sannan gobarar Lakanal House a kudancin Landan ta kashe mutum shida a 2009. Mai binciken mace-macen Lakanal ta ba da shawarar a gyara ƙa'idojin gini tun 2013, aka yi ta jan ƙafa, a lokacin da gwamnati ta fi damuwa da rage dokoki kan 'yan kasuwa. Firaminista Keir Starmer ya nemi gafara a madadin ƙasar ranar da rahoton ya fito.

Tasiri kan lafiyar gidaje

Kwana tara bayan gobarar, ƙaramar hukumar Camden da ke Landan ta kwashe mutane cikin dare daga benaye huɗu a rukunin Chalcots saboda fargabar gobara. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka nuna ɗaruruwan benaye a Ingila na ɗauke da irin lulluɓin Grenfell, dubbai kuma na da wasu kayan masu kama wuta. Dame Judith Hackitt, wadda aka ɗora wa duba ƙa'idojin gini, ta ce a rahotonta na 2018 tsarin gaba ɗaya bai dace ba. A ƙarshen shekarar aka haramta sa kayan da ke cin wuta a bangon sababbin gidajen zama da suka kai tsayin mita 18. A 2020 aka wajabta na'urar yayyafa ruwa a sababbin benaye masu fiye da mita 11, maimakon mita 30 na da. Dokar Kare Gobara ta 2021 da Dokar Lafiyar Gine-gine ta 2022 suka biyo, sai dokar 2023 da ta ƙara wa masu hayar gidajen hukuma ƙarfin kai ƙara.

Sai dai wata sabuwar rigima ta ɓullo: wa zai biya kuɗin gyara? A Ingila, wanda ya sayi gida a cikin bene yawanci haƙƙin zama na dogon lokaci ya saya, ginin kansa na wani ne, amma kuɗin gyara kan dawo kansa. Mutane da yawa, ciki har da matasan da suka sayi gidansu na farko, suka wayi gari da takardar biyan dubban fam kan laifin da ba nasu ba. Ga kuɗin masu gadin da ke zagaya bene dare da rana don sa ido kan wuta, ga inshora da ta yi tashin gwauron zabo, ga bankuna sun ƙi ba da bashi kan irin gidajen, saboda haka sayarwa ma ba ta yiwuwa. Daga cikinsu aka samu gangamin End Our Cladding Scandal, wato a kawo ƙarshen badaƙalar lulluɓin bango. Gwamnati ta ware kimanin fam biliyan biyar, sannan a 2022 minista Michael Gove ya tilasta wa manyan kamfanonin gini su gyara abin da suka gina. Har bayan shekara bakwai da gobarar, benaye da dama ba a ko fara aikinsu ba.

Shari'a da makomar benen

An sasanta ƙarar diyya ta kimanin mutum 900 a kan kusan fam miliyan 150. Ɓangaren laifi kuwa ya fi jan lokaci. A 2024 'yan sandan Landan sun ce suna binciken mutum 58 da kamfanoni da hukumomi 19, kuma a lokacin ba a sa ran yanke shawarar gurfanarwa kafin ƙarshen 2026. Ga iyalan mamata, wannan jinkiri shi ne ciwon da ya fi ci musu rai, kuma shi ne abin da allunan tattakinsu suka fi ambata.

A Fabrairun 2025 mataimakiyar firaminista ta lokacin, Angela Rayner, ta sanar cewa za a sauke benen, bisa shawarar injiniyoyi cewa saman ginin ya lalace ƙwarai. Ra'ayi ya rabu: wasu maƙwabta sun gaji da buɗe taga su gan shi kullum, wasu iyalai kuma suna ganinsa a matsayin makwancin nasu, suna so ya tsaya har a yi shari'a. An fara aikin a Satumban 2025, hawa bayan hawa daga sama, aka kuma yi hasashen zai ɗauki kimanin shekara biyu. An ware filin don gina wurin tunawa da mamatan.