Kafin ka mayar da kwanon da iska ta kwashe

Duk daren da aka yi iska mai ƙarfi a farkon damina, tun kafin in kafe babur a ƙofar asibitinmu na san abin da zan tarar a kan benci. Wannan ya taka ƙusa, wancan kwano ya tsarge masa tafin hannu, ga wani saurayi an tallafo shi, ya zamo daga kan katanga yana ƙoƙarin janyo katako. In ka tambaye su, kusan dukkansu lafiya lau suka kwana. Da gari ya waye ne suka fita neman kwanonsu a gonar maƙwabci ko a kan bishiya, nan suka gamu da abin da ya kawo su.

Bara wani dattijo ya shigo yana ɗingishi, ƙafarsa ɗaure da tsumman zani. Da na kwance sai warin kananzir ya buge ni. Ya ce, “Malam, ai na riga na yi maganinsa. Na sa yaro ya bubbuga wurin da sanda jinin ya fita, na ɗiga kananzir. Maganin zafi kawai za ka ba ni in koma, kafinta na jirana.” Na ce, “Baba, yaushe rabonka da allurar tetanus?” Ya yi dariya ya ce shi tun da aka haife shi allurar da ya sani ita ce ta lamba. Sai da na haɗa shi da Allah kafin ya zauna aka wanke ciwon aka yi masa allura.

Mutane na ɗauka tsatsa ce ke kawo wannan cuta ta tetanus, mai sarƙe haƙora. Ƙwayar cutar a ƙasa take zaune, da cikin kashin dabbobi, kuma kowa ya san tsakar gidajenmu ba sa rabuwa da awaki da kaji. Ƙusa dai ita ce ke tura ta can ciki, inda iska ba ta kai wa, wurin da ta fi jin daɗin hayayyafa. Shi ya sa ɗan ƙaramin huji da bakinsa ya rufe ya fi ba ni tsoro a kan yankan da ya buɗe yana zubar da jini. Cutar tana iya ɗaukar kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, lokacin har an manta da ƙusar. Sai muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, mutum ya riƙa banƙarewa da an yi ƙara ko an haska masa fitila. A nan ne ake cewa iska ce ta taɓa shi, a nufi wajen mai ruƙiyya. To, iska ce sanadi kam, amma wadda ta kwashe kwano.

Wanda ya taka ƙusa ya wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ya daɗe yana wankewa, ya rufe da ƙyalle mai tsabta, ya zo asibiti a ranar. Kada a zuba toka, ko baƙin mai, ko ruwan batir. Yara suna samun kariya a rigakafin sati 6 da 10 da 14, mata kuma ana yi musu a wajen awo. Magidanta da samari, su da ke hawa rufi, su ne galibi ba su da komai a jikinsu. Ko wanda ya taɓa yi, in ya haura shekara 5 kuma ciwon mai zurfi ne ko mai datti, yana bukatar a ƙara masa.

Kafin ma a kai ga taɓa kwano, a ɗaga kai a duba waya. In wayar lantarki ta faɗo ta kwanta a kan kwano ko cikin ruwan da ya taru, a ɗauka akwai wuta a jikinta ko da unguwa duhu take, domin ba ka san lokacin da za a kawo ba. A tsare yara, a kira ma’aikatan wuta. Masu sola kuma su sani, faranti ko ya faɗo ƙasa, muddin rana na dukansa yana ba da wuta. Kada a hau rufi yana jiƙe, kada a hau hadari na haɗuwa. Mai hawa ya sa takalmi mai kaurin ƙasa, wani ya riƙe masa tsani, ya riƙa taka layin ƙusa domin nan ne katako yake a ƙarƙashi. Ɗabi’ar nan ta tura yaro sama wai shi ba shi da nauyi, don Allah a bar ta.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar da ake yi a mayar da rufi daidai yadda yake kafin ya tashi. Na san dalili: hadari na sake haɗuwa, iyali na kwance a fili, kuɗi babu. Sai a tsinto kwanon, a miƙe shi da guduma, a buga shi a tsohon katakon da tsofaffin ramuka, a jera duwatsu da tayoyi a kai. Gidan da na ga an yi wa haka, sau da yawa kafin damina ta fita ko a farkon ta gaba sai an sake tsintar kwanonsa a gona. Duwatsun nan kuwa, ranar da iska ta fi ƙarfinsu, a kan mutane suke sauka.

Iska ɗaga rufi take yi, kamar yadda ake ɗage faifai daga bakin ƙwarya. In ta bi ta saman gida da gudu sai ta tsotso kwanon sama, kuma tsotson ya fi ƙarfi a kusurwoyi da gefe-gefe da kan ƙoƙuwar rufi. In kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta tokare shi ta ƙasa. Ana ja ta sama ana turawa ta ƙasa, ina ƙusa za ta iya? Saboda haka da hadari ya taso daga gabas, kamar yadda ya saba tasowa a ƙasarmu, a shigar da yara a rufe ƙofofi da tagogi ruf.

Yanzu je ka dubi abin da iskar ta bar maka, shi zai gaya maka inda aikin ya gaza. In kwano ne kaɗai ya tafi, ƙusoshi na tsaye a jikin katako da ɗan guntun kwano a wuyansu, kwanon ne ya cika sirantaka ko hular ƙusar ta yi ƙanƙanta. In ya tafi da ƙusoshinsa, katakon ya ruɓe, ko gara ta cinye shi, ko ɗanye aka buga ya bushe ya saki. In kuwa rufin ne gaba ɗaya ya tashi da katakonsa ya kife a bayan gida, kamar an cire wa mutum hula, to dama ɗora shi kawai aka yi a kan bango, ba a ɗaure shi ba. Wannan na ƙarshen shi na fi gani, kuma shi ne ya fi arahar magani.

Katakon da ke kwance a kan bango dole a ɗaure shi da ginin kansa. A ginin bulo, a binne kwata rodi ko langa-langa a cikin linta tun ana zuba kankare, a lanƙwaso shi ya rungume katakon. In gini ya riga ya tsaya ba a yi haka ba, a huda bango a ƙasa da layi uku ko huɗu na bulo a zuro ɗaurin ta nan, don nauyin bangon ya riƙe rufin. Wanda ya ɗaure a layin bulo na sama kaɗai, iska za ta tafi da rufin da layin tare. A ginin ƙasa a sauko kamar kamu biyu, a huda, a zuro waya mai kauri a ɗaure ta a jikin guntun itace mai ƙwari. Haka kowane rafta, wato katakon da ke gangarowa daga ƙoƙuwa zuwa bango, a ɗaure shi da katakon bango da langa-langa, kada a dogara da ƙusar da aka soka a karkace. Kuɗin wannan ɗauri duka bai kama ƙafar kuɗin kwano ba, domin bandir guda kwano 20 ne, kuma ɗaki ɗaya ma yakan ci fiye da rabinsa.

Wajen bugu, ƙusa mai hula ake sawa, a kan tudun kwano ba a kwarinsa ba, don kwarin hanyar ruwa ce. A tsakiyar rufi ana iya tsallake tudu ɗaya ko biyu, amma a baki da kusurwa da ƙoƙuwa kowane tudu a ba shi ƙusarsa, a lanƙwashe tsininta ta ƙasa in ta ɓullo. Tsakanin katakon da ake buga kwano a kai kada ya wuce ƙafa uku. Wani tsohon kafinta ya koya mini abin da ban taɓa lura da shi ba: in ana jera kwano gabas da yamma, daga yamma ake farawa, don bakin kowane haɗi ya ba gabas baya, iska da ruwa su bi ta kansa su wuce maimakon su shige ƙarƙashinsa. Leɓen rufi da ke fitowa waje kada ya wuce ƙafa ɗaya da rabi. Rumfar ƙofar ɗaki kuma a yi mata rufinta daban, domin ita iska ke fara kamawa, in haɗe take da na ɗaki sai ta ja shi su tafi tare.

In ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko kasuwar garinku sayen kwano, kama gefensa ka gwada da hannu. Wanda ke lanƙwashewa kamar gwangwanin madara, araharsa ta yau ce kawai. In kuɗi bai kai ba, gara ka sayi mai kauri kaɗan ka sa a baki da kusurwa, ka mayar da tsofaffin da ba su yage ba tsakiya, ka toshe tsofaffin ramukan. Katako a nemi busasshe, a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi.

Tsofaffin gidajen ma’aikata da makarantu da yawa suna da rufi ko silin na asbesto. In ya farfashe, ƙurarsa na maƙalewa a huhu, kuma sai bayan shekaru da yawa take fitowa da ciwon daji ko ƙuncin numfashi. Kada a share shi a bushe, kada a yanka shi da zarto, kada yara su yi wasa da gutsattsarinsa. A yayyafa masa ruwa, a rufe hanci da baki, a kwashe a buhu a ɗaure, a tambayi jami’in tsaftar muhalli inda za a binne.

Masu soro su kuma tasu matsalar sai a watan Agusta take zuwa, lokacin da aka kwana biyu ana marka ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi. Iyayenmu ba sa bari damina ta faɗi ba su yi yaɓe ba, ba su fasa indararo ba, har bangon gabas suna shafe shi da makuba saboda sun san shi ke shan duka. Yanzu an yi sake da wannan. In ka ga azara ta fara lanƙwasa, ko ƙasa na zubowa daga sama, ko gindin bango ya jiƙe ya zaizaye, a fitar da iyali daga ɗakin a daren, a je maƙwabta. Rushewar soro cikin dare takan rutsa da mutane suna barci, kuma yara da uwarsu ne a ciki.

Uwargida, naki aikin yana cikin ɗaki. Katifa da tabarma da suka jiƙe a shanya su su bushe sarai, don funfuna na tayar da asma da tarin yara. Masara ko gyadar da ruwa ya taɓa a baza ta a rana nan da nan. Wadda ta riga ta yi funfuna a zubar, kada a ce za a wanke a niƙa, gubar da ke cikinta tana lalata hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta. In an koma kwana a tsakar gida ko a zaure, a tafi da gidan sauro. Tsohon kwano da tayoyin da aka sauko da su a kife su, domin ruwan da ya kwanta a ciki sati ɗaya zuwa kwana 10 ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Wajen ɗaga tarkace kuma a fara turawa da sanda, kunama da maciji na son irin wurin.

Kafin a fara gyara a ɗauki hoton ɓarnar da waya, a sanar da mai unguwa, don in jami’an SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, sun zo ƙididdiga a samu abin nunawa. Amma kada a zauna jiran tallafi ɗaki a buɗe, a shimfiɗa tamfol a ɗaure shi da igiya kafin kafinta ya samu zuwa.

In kafinta ya sauko ya karɓi kuɗinsa, saura aiki ɗaya. A nemo mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika wajen mai gyaran rediyo, a ɗaura masa igiya, a ja shi a tsakar gida da bayan ɗaki da lungun da yara ke wasa. Ranar da na gwada a gidana, bayan an share tsakar gidan sau biyu, sai da na cika gwangwanin tumatir da ƙusa.