Tambarin birni: me zanen da ke jikin garkuwar yake faɗa?

A biranen Turai da wuya ka duba takardar hukuma, ko ƙofar motar kwashe shara, ko murfin magudanar ruwa a titi, ba ka ga wata 'yar garkuwa mai zane ba. Ita ake kira tambarin birni. Daban take da tuta, ko da yake sau da yawa daga jikinta ake ɗebo launukan tutar.

A fagen daga abin ya samo asali. Cikin ƙarni na 12 mayaƙa suka riƙa zana alamu a garkuwoyinsu, don mutum in ya sha sulke da kwalkwali ba mai gane shi. Garuruwa suka ɗauki salon suka sa a hatiminsu. Shi ya sa har yau akwai ƙa'ida kan launi: ba a ɗora fari a kan ruwan zinariya, ko ja a kan shuɗi, domin a iya hango zanen daga nesa. Zancen cewa ja jarumtaka ce, shuɗi gaskiya, daga baya aka laƙaba shi.

Kambin da ake ɗora wa garkuwar, mai siffar ganuwa da hasumiyoyi, shi ke nuna tambarin na birni ne. Daga Rumawa aka aro shi, irinsa suke ba sojan da ya fara haura ganuwar abokan gaba.

Cikin garkuwar ne labarin yake, kuma galibi bai kai girman da ake zato ba. Paris ba ta bakin teku, amma jirgin ruwa ne a tambarinta, gadon ƙungiyar fataken kogin Seine, waɗanda suka riƙe ragamar garin a da. Kirarin da ke ƙasa da harshen Latin, cewa igiyar ruwa na jijjiga shi amma ba ya nitsewa, sai a 1853 aka tabbatar da shi a hukumance. Bayan hare-haren ta'addanci da aka kai Paris a Nuwambar 2015 mutanen birnin suka yi ta rubuta shi a bango.

Wasu kuwa wasa ne da suna kawai. Berlin da Bern duk dabbar beyar suka sa, saboda sunanta da Jamusanci ya yi kama da farkon sunayensu. Amsterdam na da alamar X guda uku. Masu zagayawa da baƙi kan ce gobara ce da ambaliya da annoba. Labarin da daɗin ji, sai dai ba shi da tushe: gicciyen Waliyyi Andarawus ne, ɗaya daga cikin almajiran Yesu.