Alhakin Kamfanoni Kan Haƙƙin Ɗan Adam a Dokar Ƙasa da Ƙasa

Alhakin kamfanoni kan haƙƙin ɗan Adam fanni ne na shari'a da ke duba abin da ya rataya a wuyan kamfani idan harkokinsa suka cutar da ma'aikata ko al'ummar da yake aiki a cikinta. Tushen matsalar shi ne yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa gwamnatoci ne ke rattaba musu hannu, don haka gwamnatoci yarjejeniyoyin suke ɗaurewa, ba kamfanoni ba. Ko a shari'o'in Nuremberg, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shugabannin kamfanonin Jamus na IG Farben da Krupp aka gurfanar, ba kamfanonin ba. Haka ma Yarjejeniyar Rome ta 1998 ta taƙaita hurumin Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ga ɗaiɗaikun mutane.

A 2003 wasu ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya sun tsara daftarin da zai ɗora wa kamfanoni wajibai kai tsaye, amma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ƙasashe da dama suka yi masa ca, ya sha ƙasa. Daga nan Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, ya naɗa Farfesa John Ruggie na Jami'ar Harvard wakilinsa na musamman kan lamarin a 2005. Aikinsa ne ya haifar da Ƙa'idojin Jagora 31 da Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta amince da su a watan Yunin 2011, bisa ginshiƙai uku: gwamnati ta kare, kamfani ya mutunta, wanda aka cuta ya samu hanyar bin kadinsa.

Abin da ƙa'idojin suka fi jaddadawa shi ne bin diddigi. Kamfanin da ke sayar da riga a Turai ba zai ce ba ruwansa da masaƙar da ta ɗinka ta ba. Ana sa ran ya binciki masu kawo masa kaya, ya toshe ɓarna tun kafin ta auku, ya kuma bayyana matakan da ya ɗauka. Sai dai ƙa'idojin ba su da haƙori, domin babu kotun da ke hukunta wanda ya yi biris da su. Shekara biyu da amincewa da su, a Afrilun 2013, benen Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, mutum fiye da 1,100 suka mutu, akasarinsu masu ɗinka wa manyan kamfanonin waje tufafi.

Shi ya sa masu ƙorafi suka fi karkata ga kotunan ƙasashen da hedikwatar kamfanonin take. An daɗe ana dogaro da wata tsohuwar dokar Amurka ta 1789 da ke bai wa 'yan ƙasashen waje damar shigar da ƙara a kotunan Amurka, har sai da Kotun Ƙolin ƙasar ta tsuke ƙofar a shari'ar Kiobel ta 2013, wadda wasu 'yan Ogoni suka shigar kan Shell. A Birtaniya kuwa ƙofar buɗewa ta yi: a 2019 Kotun Ƙoli ta amince mazauna wasu ƙauyukan Zambiya su yi ƙarar kamfanin Vedanta a Ingila kan gurɓata ruwa da ake zargin wani reshensa mai haƙar tagulla da yi. A 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Hague na Netherlands, inda hedikwatar Shell take a lokacin, ta umarci reshen Shell na Najeriya ya biya wasu manoman Neja Delta diyya saboda malalar mai.

Wasu ƙasashe sun mayar da bin diddigin tilas: Faransa a 2017, Jamus a 2021, sai Tarayyar Turai a 2024. Ita kuwa yarjejeniyar bai-ɗaya da za ta ɗaure kowa, wadda Ecuador da Afirka ta Kudu suka kawo ƙudirinta a 2014, an shafe fiye da shekara goma ana ja-in-ja a kanta a Geneva.