Sadakar tsuntsu daban, kaskon kaji daban

Assalamu alaikum, iyayena mata da masu gida.

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa bana ban zauna ba. Cikin makon nan kaɗai gida huɗu aka kira ni a ƙauyukan da ke kan hanyar Marwa zuwa Bogo, a nan arewacin Kamaru, kuma duk kiran iri ɗaya ne: Malam, zo ka duba mana kaji. Sai in je in tarar da kaza ta rakuɓe a gindin katanga, fukafukai sun zube, ido a lumshe, tana zawo kore-kore. Wata tana numfashi baki buɗe, wata wuyanta ya murɗe tana ta juyi a wuri ɗaya. Kafin in buɗe jakar aiki idona ya riga ya kai tsakar gida, don na san abin da zan gani. Kasko ɗaya a gindin darbejiya, ruwan cikinsa ya yi gansakuka, an watsa dusa da tsakin dawa kewaye da shi. Kurciya da hasbiya da gwara sun sauka, kaji da 'yan tsaki suna tsakiyarsu, agwagwa kuma ta tsoma ƙafafunta biyu a ciki.

Wannan kaskon shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar Talatar da ta wuce na shiga gidan wata dattijuwa da nake ganin girmanta ƙwarai. Kaji 23 take da su kafin sanyi ya shigo, na tarar saura 6. Da su take shirin saya wa jikarta kwanuka da tabarma, don an sa biki bayan girbin masakwa. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na nuna kaskon na ce, "Inna, wannan na wa ne?" Ta ce, "Na bayin Allah ne, ɗana. Duk wanda ya ji ƙishirwa ya sauko ya sha, na gida da na daji." Na ce, "Yaushe rabon da a wanke shi?" Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ai ba ya ƙafewa, kullum ina ƙarawa." Na sa yatsa na goga bakin kaskon, yauƙi ya biyo hannuna. A cikin ruwan akwai gashin tsuntsu guda uku da kashin kurciya fari-fari da ya kwanta a ƙasa. Muna cikin magana jikanta ɗan shekara biyu ya rarrafo yana wasa da ruwan da tafin hannu. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Kada wani ya ce malamin dabbobi ya zo ya hana sadaka. Ni ma a gidan da ake ajiye wa tsuntsu ruwa na tashi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, kuma ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka a gare shi. Ga shi kuwa hunturu lokacin wuya ne ga tsuntsu. An kwashe gero da dawa an kai rumbu, an cinna wa ciyawa wuta, kududdufai sun fara tsagewa, ƙwari sun ɓuya. Shi ya sa za ki ga kurciya ta rage tsoro tana sauka har bakin turmi, baiwar Allah tana tsalle-tsalle a gindin murhu. Ki ba su, Allah Ya ba ki lada. Abin da nake roƙo ɗaya ne tak: kada ki ba su a inda kajinki suke ci, kada ki ba su a kaskon da kajinki suke sha.

Na faɗi wannan bara. Na faɗa a bakin masallaci, na faɗa ranar kasuwa, na bi gida-gida na faɗa. Ku ce to Malam, mun ji. In juya baya a sake watsa dusa a tsakar gida. Haba jama'a! Sai kaji sun fara faɗuwa a turo yaro da gudu a kan keke, kamar a jakata nake ajiye da rai.

Ku duba yadda abin yake tafiya. Kurciyar da ta sha ruwa a gidanki da hantsi, da asuba tana gidan maƙwabciyarki da kajinta ke mutuwa. Ta taka kashinsu, ta ci a inda suka yi majina, ta tashi ta tsallake danga ta sauka a bakin kaskonki. Ba ta neman izini, ba ta san katanga ba. Galibin abin da nake gani a wannan lokaci annobar kajin nan ce ta sanyi, wadda a takarda muke kira Niyukasul, kuma sau da yawa kazar da aka sayo a kasuwa ce ke fara shigo da ita gari. Amma da zarar ta shigo, kasko da wurin watsa hatsi su ne tashar da take sauka tana hawa. Tattabaru da kurciyoyi ma suna da irin tasu, suna kuma da ciwon maƙogwaro da ke bin ruwan sha. Annobar nan ba ta da magani in ta kama. Kafso ja da rawaya da kuke farkewa a ruwa, da barkono, da ɓawon maɗaci, duk ba su tsayar da ita. Rigakafi ne kaɗai, tun kaza tana da lafiya.

Sai babbar yayarta, murar tsuntsaye. Mu nan Arewa Mai Nisa ba labari aka ba mu ba. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da mugun nau'inta da ake kira H5N1 a Afirka, a wata gonar kaji a jihar Kaduna ta Najeriya, wata ɗaya bayan nan, cikin Maris, aka same ta a jikin agwagwa a nan Marwa. A 2016 ta ɓarke a Yawunde, aka kashe kaji dubbai, aka rufe kasuwannin kaji, masu sana'ar suka shiga wani hali. Farkon 2017 wani nau'inta ya sake ɓulla a jiharmu. Kuma ita tana iya tsallakawa jikin ɗan Adam, har ta yi kisa a Legas a 2007. Ku tuna inda muke zaune. Duk shekara idan sanyi ya rufe ƙasashen Turai, agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa sukan ƙetare Sahara su sauka a tafkin Chadi, da fadamun Logon, da Waza, da tafkin Maga. Suna nan tare da kirinjijiya da dinya tamu ta gida har zafi ya fara. Tsuntsun ruwa yakan ɗauki cutar yana yawonsa lafiya lau, ba ka ganin komai a jikinsa. Agwagwarka ta gida ta je tabki ta yi wanka tare da su, da yamma ta dawo ta shiga kaskon nan tsundum. Belbela ta baro bakin ruwa ta biyo shanu har garke. To ka gaya mini, mai gida, da wane ido za ka tantance wadda ta zo da ciwo?

Kasko ɗaya. Kullum kasko ɗaya.

Na san abin da za ku ce, don kun sha faɗa mini. Wata ta ce kajinmu sake suke, ina za mu iya raba su da tsuntsun sama? Gaskiya ne, ba za ki iya hana kaza haɗuwa da kurciya a bola ko bayan gari ba. Amma haɗuwa a hanya daban, ke ki shimfiɗa musu tabarma ki tara su a akushi guda kullum safiya daban. Wani dattijo kuma ya ce mini, "Malam, iyayenmu haka suka yi, kuma ajali in ya zo ba makawa." Na ce, "Baba, haka ne, amma ai kai ne ka ɗaure akuyarka da dare don kada kura ta ɗauka, ba ka ce ajali ba." Ya yi shiru, sannan ya kira ɗansa ya ce a nemo wani kasko. Allah Ya saka masa da alheri, irin wannan dattakon nake nema.

Wani abin da ke ƙona mini rai shi ne hatsin da ake zaɓa don sadakar. Sai a tono na gindin rumbu, wanda danshi ya taɓa ya yi funfuna har ya dunƙule, a ce tsuntsu ne zai ci. Abin da ba za ki dafa wa 'ya'yanki ba kada ki bayar da sunan neman lada. Funfunar nan guba ce ga kurciya, guba ce ga kazar da za ta tsinci ragowar. Haka tuwon da ya kwana biyu ya yi tsami. Tafi ɗaya na gero mai kyau ya fi ƙwarya cike da ruɓaɓɓe.

Ga abin da nake so a yi, kuma ba ya cin ko sisi:

A fitar da sadakar tsuntsu bayan gida, nesa da akurki, nesa da madafa da randa.
A ɗaga ta sama. A kafa gwafa a ɗora kasko, ko a rataye ƙoƙo a reshe, a kewaye gindin da ƙaya don kada kaji su tsinci abin da ya zubo.
Hatsi kaɗan, wanda zai ƙare kafin azahar.
Ruwa a zubar da na jiya, a wanke da sabulu, a kife a rana, a zuba sabo. Wanda ke da ruwan Javel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ya ɗiga kaɗan wajen wankin ya ɗauraye sosai. Ƙari a kan tsohon ruwa ba wanki ba ne, kuma sauro ma yana ƙyanƙyasa a ciki.
Kaji su ci a cikin akurki ko ƙarƙashin rumfa, a kwashe ragowar. Kaskonsu nasu ne su kaɗai, agwagi ma a ware musu nasu.
Kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta a killace ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.
A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ko wanne kasko.

Rigakafi kuwa, ku daina jira sai kun ji ana mutuwa a maƙwabta. Lokacinsa da kaka ne, kafin iskar ta taso, a kuma maimaita yadda ma'aikaci ya tsara muku. Akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido. A nan ƙasarmu ma ana sarrafa shi, a LANAVET, cibiyar haɗa rigakafin dabbobi da ke Garwa, ba daga wata uwa duniya za a jira shi ba. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, shi ya sa nake cewa matan unguwa su haɗa kai su sa rana guda, a kira mu sau ɗaya a yi wa kowa. Wadda kajinta ke da lafiya har yanzu ba ta makara ba. Wadda nata suka riga suka kamu ta bari tukuna, ba a yi wa marar lafiya.

Yara kuma, don Allah iyaye ku sa ido. In yaro ya tsinci mataccen tsuntsu a gindin bishiya, ko wanda ya kasa tashi, ba abin gashi ba ne. Kada ya taɓa da hannu. Kazar da ke magagin mutuwa a daina rige-rigen sa mata wuƙa don kada a yi asara, a daina kai ta kasuwa da sassafe a sayar wa wani bala'i. A haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa bola kare da hankaka su raba wa gari. In kuka ga tsuntsayen daji sun mutu da yawa a wuri ɗaya, ko kaji sun zube dare ɗaya fuska a kumbure, tukku ya yi baƙi, a sanar da ofishin dabbobi mafi kusa a ranar, a gaya wa mai gari. Wanda ya yi hulɗa da su kuma ya ji zazzaɓi da tari ya tafi asibiti, ya faɗa musu ya taɓa kaji.

Jiya da yamma na koma gidan Inna. Kaji 5 suka tsira, ta sa an kulle su a akurki da sabon kasko. Tsohon kuwa an wanke shi tas, jikanta babba ya kafa gwafa a bayan danga kusa da wata magarya ya ɗora shi, ya ja ƙaya ya kewaye. Muna tsaye kurciyoyi biyu suka sauka a bakinsa. Ta ce, "Ka gani, ɗana, sun gane wurin." Na ce, "Sun gane, Inna. Saura gidan ƙanwarki, don da na wuce ɗazu na hango nata kaskon yana nan a tsakar gida." Ta ce in bar ta da ita, gobe da safe za ta shiga da kanta.