Naɗaɗɗiyar wayar sitiyarin mota

Naɗaɗɗiyar wayar sitiyari, wadda makanikai ke kira kulok-sifirin, wata siririyar waya ce mai faɗi kamar kirtani da aka naɗe a cikin zagayayyen akwatin roba, tsakanin sitiyari da sandar da ke ɗauke da shi. Aikinta shi ne kai wutar lantarki daga jikin mota, wanda yake tsaye cak, zuwa sitiyarin da ba ya daina juyawa, ba tare da wutar ta yanke ba. Ta cikinta ne wuta ke isa ga jakar iskar direba (wadda ke kumbura ta kare shi idan an yi karo), da oda, da maɓallan rediyo da ke kan sitiyari. An ba ta sunan kulok-sifirin ne saboda naɗinta ya yi kama da zaren ƙarfen da ke cikin agogon da ake yi wa wani da hannu. Kamfanin Toyota da na Honda kowanne yana da nasa sunan da yake kiranta da shi a littattafan gyara, amma abu ɗaya ne.

A tsofaffin motoci, wani zoben tagulla ne da ɗan ƙarfe mai gogarsa ke kai wa oda wuta. Wannan ya wadatar wa oda, domin idan ta ɗauke na ƙiftawar ido ba asara. Jakar iska kuwa ba ta lamuntar haka, tunda kwamfutar mota tana auna layinta a kowane lokaci, kuma dole ne umarnin fashewa ya isa nan take idan an yi karo. Shi ya sa aka koma ga waya ɗaya miƙaƙƙiya wadda ba ta da gaɓar gogayya.

Idan direba ya juya sitiyari gefe ɗaya wayar takan ƙara matsewa, idan ya juya ɗaya gefen sai ta sassauta. Tsawonta yana da iyaka. A motoci da yawa zagaye biyar ne ko kusa da haka, wato biyu da rabi daga tsakiya zuwa kowane gefe. A nan ne ɓarna takan faru. Idan aka kwance sandar sitiyari daga ƙasa domin wani gyara, aka bar sitiyarin yana walagigi, ko aka ɗaura wayar ba a tsakiyarta ba, to shan kwana ɗaya mai tsanani ya isa ya tsinke ta. Tana kuma lalacewa don tsufa. Alamomin sun haɗa da fitilar jakar iska da ta ƙi mutuwa, da odar da ke yi a wani gefe ta ƙi yi a wani, da ƙarar gurzawa daga bayan sitiyari.

Ba a gyara ta, sauya ta ake yi. Kafin a taɓa komai sai a daidaita tayoyin gaba, a cire kan batir mara wuta, sannan a dakata domin ragowar wutar da kwamfutar jakar iska ta ajiye ta zube. Toyota ta ƙayyade aƙalla daƙiƙa 90, wasu kamfanonin kuma mintuna da dama. Mahaɗan jakar iska galibi ruwan ɗorawa ne, kuma ba a auna jakar da mitar auna wuta, domin 'yar wutar mitar tana iya tayar da ita. Idan an cire jakar, ana ajiye ta ne fuskarta na kallon sama.

Sabuwar wayar takan zo a kulle a tsakiyarta, kuma ba a zare makullin sai an ɗaura ta. Idan ba ta da makulli, ana juya ta a hankali har ta tsaya, a dawo da ita rabin jimillar zagayenta, a haɗa alamomin da ke jikinta. Dabarar da wasu ke yi ta cusa rezisto (wani ɗan abin lantarki mai rage gudun wuta) domin a kashe fitilar gargaɗi ba gyara ba ce, domin direba zai ci gaba da tuƙi da jakar da ba za ta buɗe ba. A motocin da na'urar auna juyawar sitiyari take haɗe da wayar, sai an sake saita na'urar da kwamfutar bincike bayan an gama aiki.